Darasi na 9: Tambarin Ƙauyenmu da Shafinsa na Intanet

Galmi gari ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, a bakin babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. 'Yan kasuwar Akara da Abijan da ba su taɓa taka garin ba sun san sunansa saboda albasa. Har an yi wa sunan albasar rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar sunaye da ƙirƙire-ƙirƙire ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, don kada a riƙa liƙa shi a kan kowace irin albasa. Wannan darasi zai nuna yadda ƙauye zai fitar da sunansa haka.

A zaɓi abu ɗaya

A kafa kwamitin mutum biyar zuwa bakwai da izinin mai gari: wakilinsa, sarkin noma ko sarkin kasuwa, wakiliyar mata, malamin makaranta, da matashin da ya iya waya. Aikinsu na farko shi ne gano abin da aka san garin da shi. Kada su tambayi kansu, domin kowa sana'ar gidansu zai ambata. Su tambayi direbobi da dillalai da baƙin da ke cin kasuwar garin. Abin da bakuna suka fi haɗuwa a kai, ko zuma ne, ko tukwane, ko tabarmi, shi za a ɗauka. Sauran za su samu wuri a cikin shafi, amma ba a jikin tambari ba.

Zana tambari

Tambari shi ne sunan gari tare da zane ɗaya mai sauƙi. A fara da fensir a takarda, a yi zane uku ko huɗu, jama'a su zaɓa. Launi biyu sun isa, domin kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne wurin masu buga buhu da riguna. Kafin a amince da zane, a yi masa gwaji uku:

1. A rage shi ya koma girman farcen babban yatsa. Haka zai fito a hoton WhatsApp. In sunan bai karantu ba, a rage ado.
2. A yi fotokwafinsa baƙi da fari. In launukan sun haɗe, a sake su: ɗaya mai duhu, ɗaya mai haske.
3. A yanka shi a jikin langa-langa, a shafa fenti a kan buhu. Siraran layuka a nan suke tsinkewa.

Kada a sa alamar jam'iyya ko tambarin gwamnati. Kada kuma a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, domin buhu da leda a ƙasa suke ƙarewa, ana taka su.

Idan mai kwamfuta ya gama zanen, a karɓi fayil iri biyu: PNG mai bayan da babu launi, don waya da shafi, da SVG, wanda ba ya dishewa ko da an buɗa shi ya cika allon bakin hanya. A duba haruffan ƙ, ɗ da ɓ. Wasu nau'o'in rubutun kwamfuta ba su da su, sai akwati ya fito a gurbinsu. Andika da Noto Sans suna da su, kuma kyauta ne.

Gina shafi

Shafi yana buƙatar adireshi da masauki. Adireshin Najeriya yana ƙarewa da .ng, kamar .com.ng ko .org.ng, kuma ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi. Na Nijar .ne ne. A zaɓi gajere, babu harafi mai lanƙwasa, wanda za a iya faɗa wa mutum a waya ya rubuta daidai. Masauki kuwa, wato wurin da ake ajiye rubutu da hotunan shafi a intanet, haya ne, ana biya duk shekara. Ƙauyen da bai da kuɗi zai iya farawa da manhajar gina shafi ta Google Sites kyauta, in aiki ya yi ƙarfi a koma wata manhajar mai suna WordPress.

Ɓangare huɗu sun wadatar: gabatar da gari, kayan sayarwa da watannin da ake samun su, kwatancen hanya da ranar kasuwa, sai lambar waya. Lambar ta fito a saman kowane ɓangare. A kwatancen hanya a faɗi gaskiya: tashar da ake hawa mota, da ko hanyar tana yankewa da damina.

Hotuna ne ke kashe yawancin shafuka. Hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, goma daga cikinsu sun isa su cinye datar mai dubawa, ya rufe shafin tun bai buɗe ba. A rage faɗin kowane hoto zuwa fiksil 1200, nauyinsa kada ya wuce kilobait 200. A ɗauka da hantsi ko la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. A nemi izinin duk wanda fuskarsa za ta fito, musamman mata da yara. Sau da yawa hoton hannu yana saƙa ya fi na fuska jawo mai saye.

Inda ake samun matsala

Babbar matsala ita ce a buɗe komai da sunan matashi ɗaya. Ranar da ya tafi ci-rani ko aka ɓata da shi, shafi ya tafi da shi. A buɗe imel da layin waya na kwamiti, mutum uku su san kalmar sirri, a rubuta ta a ajiye wurin ma'aji. A riƙa amfani da layin, domin kamfanin waya yana sayar wa wani layin da ya daɗe a ajiye.

Adireshi yana mutuwa in ba a sabunta shi ba, wani kuma yana iya saye shi. A rubuta ranar biya a littafin kwamiti, a biya da saura wata ɗaya. Tsohon farashi ma yana jawo rigima, saboda haka a sa kwanan wata a gefen kowane farashi, ko a ce a kira a ji.

Inda ake fama da 'yan bindiga, kada a nuna garken shanu, rumbuna, gidajen masu hali, ko ranar da fatake ke zuwa da kuɗi.

Aikin aji

1. Tambayi baƙi biyar a kasuwa abin da suka san garinku da shi, ka rubuta amsoshin.
2. Zana tambari da launi biyu, ka yi masa gwajin farce.
3. Rubuta jimla huɗu da za su kai baƙo garinku daga tasha mafi kusa.