Kurakuran da 'yan Legas ke tafkawa a gudun ultra na farko cikin daji

Duk tseren da ya wuce kilomita 42.195 na marathon shi ake kira ultra, yawanci daga kilomita 50 ake farawa, akwai na 100, akwai na mil 100. Sai kaji wanda ya gama Lagos City Marathon yana cewa ai kilomita 8 ne kacal suka ƙaru. To malam daga nan ake fara shiga uku.

Legas a shimfiɗe take, kwalta ce kuma, ɗan tudun gadar Lekki-Ikoyi da ake ta yiwa hoto da asuba ba hawa bane. Daji kuwa saiwoyi ne da laka da duwatsu, ka hau ka gangara ka sake hawa, kilomitan da kake cinyewa cikin minti 6 a titi sai ya ci maka 12 kana haki. Don haka ka daina lissafi da kilomita, ka koma lissafin awa nawa ƙafarka zata iya ɗaukarka. Ka nemi bene mai tsawo ko gadar tsallaka titi kayi ta hawa da sauka, ka shiga yashin bakin teku, in da hali ka tafi Idanre a jihar Ondo wani ƙarshen mako, matakalar dutsen ta haura 600. Kuma saukar ka fi maida hankali a kai, gangara ita ke kashe cinya, mutane basa yarda sai sun ga ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa.

Sai girman kai wajen hawa, wai shi bazai taka ba kar ace ya gaza. Ko a UTMB, tseren da ke zagaye tsaunin Mont Blanc daga Chamonix a Faransa, wajen kilomita 170 da hawan mita 10,000, manyan gwanaye takawa suke a tudu mai tsini. Ka taka abinka tun daga tudun farko, tun kana jin ƙarfi.

Abinci ne ya fi kayar da mutane wallahi. Wasu sai sun ji yunwa zasu ci, lokacin ciki ya riga ya rufe, komai ka saka sai tashin zuciya. Ka fara ci tun awar farko, kaɗan kaɗan duk minti 30, dabino, ayaba, dafaffen dankali da gishiri. Kilishi da ƙuli-ƙuli suna da daɗi amma suna daɗewa basu narke ba, ka ajiye su sai an gama. Duk abinda zaka ci ranar ka gwada shi a tirenin tukuna. Ruwa ma akwai sharaɗi, ka ɗirki ruwa zalla awa da awanni kana zufa irin tamu, gishirin jini ya faɗi, kai ya ɗau ciwo ka fara ruɗewa, abin na iya kisa. Ka sha daidai ƙishi, ka riƙe ORS a jaka.

Dan Allah kar ka sha diclofenac ko ibuprofen a hanya don ƙafa na ciwo, ga rashin ruwa a jiki ga tsoka na aiki, ƙoda ce zata ji jiki. In fitsari ya koma kalar koka-kola ka tsaya ka nemi likita.

Sabon takalmi ranar tsere ganganci ne. Ka sayi mai haƙora a ƙasa da ɗan sarari gaban yatsu tun da wuri, ka yanke farce, ka shafa basilin a cinyoyi da hammata. Fitilar goshi ma ka ɗauka ko kana ganin zaka gama da rana, cikin bishiyoyi duhu na riga magariba shigowa, kuma ka sauke taswirar hanyar a waya tun daga gida don sabis ɗaukewa yake.