Kafin ka gyara zanen wani don gem ɗinka

Masu haɗa gem, wato wasan bidiyo, ga wata dabara mai sauƙi ta kiyaye lasisin zanen da kuke saukewa daga intanet.

Duk zanen da ka sauke, nan take ka buɗe ɗan fayil kusa da shi. Rubuta sunan mai zanen, adireshin shafin, da irin lasisin har da lambarsa. In ka yi gyara, ƙara a ƙasa: "na mayar da rigar ja, na rage tsawon takobin."

Sauya launi ba ya mayar da zane naka, lasisin na nan biye da shi. CC BY 4.0, ɗaya daga lasisin Creative Commons (CC) da masu zane ke sakin aikinsu da shi, ya wajabta maka ambaton mai shi, da bayyana cewa ka yi gyara. Ranar sakin gem, fayil ɗin nan kawai za ka kwafa zuwa inda kake ambaton masu zane a gem ɗin.

Ka lura da haruffan ƙarshen sunan lasisin. SA na nufin zanen da ka gyara zai fita da irin lasisin, kowa na iya ɗauka. ND kuwa, gyara abinka a kwamfutarka, amma ba ka da ikon raba wanda ka gyara. NC ya hana kasuwanci, kuma a ganina gem mai talla ma gara ya kauce masa.

Ba ka son ciwon kai? Nemi CC0, wanda mai shi ya saki ba tare da sharaɗi ba, irin kayan shafin Kenney mai raba zanen gem kyauta. A OpenGameArt, wani shafin sauke zanen gem, lasisi kala-kala ne, duba kowane zane daban.

Inda dabarar ba ta aiki: idan wanda ya ɗora zanen ba shi ne mai shi ba. Ka ga Mario an liƙa masa CC0? Na Nintendo ne, bar shi a inda ka gan shi.