Yadda ake bin sawun maganin ADC a jiki

Maganin kansa irin ADC kamar Kadcyla guba ce aka ɗaura wa antibodi (furotin da ke neman ƙwayar kansa ya maƙale mata) da wani ɗan igiya na sinadari, to in za ka duba yadda jiki ke sarrafa shi kar ka auna abu ɗaya kawai. Yi wa ɓera ko biri allura, ka riƙa ɗiban jini lokaci-lokaci har makonni, ka auna antibodin gaba ɗaya da gwajin ɗakin bincike da ake kira ELISA, sai wanda gubar ke maƙale da shi, sai gubar da ta kwance tana yawo, ita da LC-MS/MS, na'urar da ke gano sinadari ko da ɗan kaɗan ne, ake auna ta don kaɗan ce sosai. Kadcyla, a matsakaici, kusan ƙwayar guba 3.5 ce kan kowane antibodi, lambar nan sauka take a jini, ka sa mata ido.