Kurakuran da aka fi yi a ziyarar Hangzhou, garin shayin Longjing da haikalin Lingyin

Yawancin mutanenmu da ke leƙa birnin Hangzhou na ƙasar Sin daga Yiwu suke fitowa. An gama sayayya, an miƙa kaya ga masu lodi, saura kwana ɗaya a tashi, sai a ce bari a je a ga gari. Jirgin ƙasa mai gudu ba ya cika awa ɗaya tsakanin garuruwan biyu, shi ya sa ake raina tafiyar. A taswira kuwa tafkin Xihu da haikalin Lingyin da ƙauyen Longjing suna maƙwabtaka, duk a yammacin birni. Abin da taswira ba ta nunawa shi ne tuddai, da siraran hanyoyi, da cunkoson motocin 'yan yawon buɗe ido. Wanda ya cusa su duka cikin yini guda zai ƙare da hotuna da ciwon ƙafa. Ka ware kwana biyu: ɗaya na haikali da gonaki, ɗaya na tafki. Idan yini ɗaya ne kawai a hannunka, ka haƙura da tafkin, ka tsaya bakinsa da yamma ya isa.

Sai zaɓen lokaci, wanda shi ne ke ɓata tafiya tun kafin a fara ta. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne a Sin, haka farkon watan Mayu, haka sabuwar shekararsu. A waɗannan ranakun bakin Xihu ba ya takuwa. Daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, Yuli da Agusta kuma zafi ne mai gumi, wanda ko ɗan Sakkwato sai ya ji a jikinsa. Mai son ganin ana tsinkar ganyen shayi ya zo ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Ganyen da aka tsinka kafin bikin Qingming, wanda ke faɗowa 4 ko 5 ga Afrilu, shi ne mafi daraja da tsada. Wanda ya zo a Nuwamba zai ga gonaki kore shar, amma ba zai ga masu tsinka da kwandunansu ba, kada ya ce an yaudare shi.

A Lingyin kuskuren farko shi ne zuwa da hantsi. Haikalin na daga cikin mafi girma da tsufa na mabiya addinin Buda a Sin. Wani malami ɗan Indiya mai suna Huili ne ya kafa shi a shekarar 326. Kafin ƙarfe goma motocin ƙungiya sun sauke jama'a, kowane jagora da tutarsa da lasifikarsa. Ka iso da an buɗe ƙofa, kuma ka nemi gurbin shiga ta waya tun kafin ranar, da fasfo a aljihu. Na biyu shi ne wucewa da sauri ta gaban dutsen Feilai Feng don a kai ga manyan ɗakuna. A jikin dutsen nan da cikin kogunansa akwai sassaƙe-sassaƙe sama da 300, mafi yawansu daga ƙarni na 10 zuwa na 14, kuma a ganina sun fi ɗakunan cancantar tsayuwa, domin ɗakunan an sha rushe su ana sake ginawa. Kaɗan gaba, a kan tudu, akwai haikalin Yongfu mai 'yan gonakin shayi a cikinsa. Jama'a ba su cika hawa ba.

Wasu suna mantawa wurin ibadar mutane ne. Babu wanda zai tilasta maka rusunawa ko kunna turare. Idan an miƙo maka, ka ɗaga hannu ka yi godiya ka wuce. Amma kada ka taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi. Kada ka ɗaga murya, kada ka gitta gaban mai durƙuso, kuma a cikin ɗakuna ka mayar da waya aljihu, domin ba a son ɗaukar hoton gumakan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba, farfajiya da dutsen sun ishe shi kallo.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne wajen sayen shayi. A motar haya ko a bakin ƙauye wata dattijuwa mai fara'a za ta ce gidansu manoma ne, ka zo ka ɗanɗana. Za a zuba maka kofi uku huɗu, kunya ta kama ka, ka saya a farashin da ba ka tambaya ba. Tambayi farashi kafin ka zauna, kuma ka tabbatar da ma'auni: jin ɗaya giram 500 ne, liang ɗaya giram 50, kuma an sha faɗa wa baƙo kuɗin liang ya ɗauka na jin ne. Sannan ba duk Longjing ne na Xihu ba. Ana noma shi a wasu yankuna na lardin Zhejiang, mai kyau ne kuma ya fi araha, laifin kawai a sayar maka da shi da sunan na Shifeng ko Meijiawu, wuraren da shayinsu ya yi suna a yankin Xihu. Maganin wannan shi ne ka fara biyawa gidan tarihin shayi na ƙasa da ke kan hanyar Longjing, wanda aka buɗe a 1991, ka ga yadda ganyen ƙwarai yake: shimfiɗaɗɗe, mai santsi, kore da ɗan rawaya, saboda a busasshen kasko ake soya shi ana dannawa da tafin hannu. A gindin tudun Shifeng kuma za ka ga bishiyoyi 18 da ake dangantawa da Qianlong, wani tsohon sarkin Sin. Na kallo ne, duk wanda ya ce daga su ya tsinko maka, ka riƙe kuɗinka.

Wani kuma sai ya kawo ganyen gida ya dafa shi a buta da sukari, yadda muke yi wa koren shayin da ake sha a Yamai da Agadas. Shi ma wancan daga Sin ake kawo shi, amma an yi shi ne ya jure wuta. Longjing tafasasshen ruwa ma ƙona shi yake ya yi ɗaci. A bar ruwan ya huce zuwa wajen digiri 80, a zuba kan ganye kaɗan a kofin gilashi, ba sukari, a ƙara ruwa sau biyu ko uku.

Batun abinci a yi hattara. Dongpo rou, girkin da garin ya fi alfahari da shi, naman alade ne, kuma ko jatan lande da ake dafawa da ganyen Longjing akan zuba masa giyar girki. Ka nemi shagunan Musulmi masu alamar qingzhen, wato halal, galibi masu taliyar Lanzhou, ko ka ci a gidajen abincin da ke kewayen haikali inda ba a dafa nama. Masallacin Fenghuang yana kan titin Zhongshan a tsohon gari, an sake gina shi a 1281 zamanin daular Yuan. Mutane da yawa suna barin Hangzhou ba su san da shi ba, alhali shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ma ya ambaci Musulmin wannan birni, wanda ya kira Khansa.

Hasumiyar Leifeng da ke bakin tafki sabuwa ce, ta asali ta faɗi a 1924, wannan ta 2002 ce, har da matakala mai tafiya da kanta. Don kallon tafkin daga sama ta yi. Mai neman tsohon gini ya nufi hasumiyar Liuhe a bakin kogin Qiantang.

Kada ka dogara da tsabar kuɗi ko taswirar Google, wadda ba ta aiki a can, haka WhatsApp a kan layin gida na Sin. Hedikwatar kamfanin da ya mallaki Alipay, manhajar biyan kuɗi ta waya, a Hangzhou take, kuma hatta mai sayar da ruwa lamba zai nuna maka ka haska. Haɗa katin bankinka da Alipay ko WeChat tun kana masauki, ka gwada da ƙaramar sayayya, ka sauke taswirar Amap. Tikitin komawa Yiwu ka yanke shi tun da safe, kuma ka duba sunan tasha da kyau, domin tashar gabas daban take da tsohuwar tashar cikin gari.