Yadda ake ziyartar tsohon birnin Kebek na ƙasar Kanada

Birnin Kebek yana gabashin Kanada, a bakin kogin Saint-Laurent, daidai inda kogin ya tsuke, kuma ma'anar sunan ke nan a harshen 'yan asalin wurin. Bafaranshen nan Samuel de Champlain ne ya kafa shi a 1608. Har yau tsohon garin yana zagaye da ganuwarsa, shi ya sa hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Faransanci ne harshen gida da kasuwa da ofis. Ga yadda za ka tsara tafiyar.

Abu na farko biza. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru, duk sai ya nemi bizar ziyara ta Kanada. Ana cike takardun ta intanet, sannan a je cibiyar biza a ɗauki hoto da zanen yatsu. Za a so ganin shaidar kuɗin da za ka riƙe kanka, da abin da zai dawo da kai gida, kamar aiki ko kasuwanci ko iyali. Amsa tana iya jinkiri, don haka kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa tun biza ba ta fito ba.

Na biyu, zaɓen lokaci, kuma a nan ne baƙo ya fi yin kuskure. Sanyin Kebek ba irin hunturun da muka sani ba ne. A watan Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da sifili da maki goma ko fiye, ƙanƙara ta lulluɓe tituna. Gaskiya ne a lokacin ake babban bikin hunturu na garin, wajen watan Fabrairu, amma wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba, ni dai shawarata ya bari sai tsakanin Yuni da Satumba. In kuwa kana son ganin ganyayen itatuwa sun rine ja da ruwan ɗorawa, to ka nufi ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Ka lura da lokutan salla: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura na dare, alfijir kuma ya keto tun kafin ƙarfe huɗu.

Yawancin matafiya a Montreal suke sauka, daga nan tafiyar kilomita kusan 250 ce. Jirgin ƙasa na VIA Rail yakan yi awa uku da 'yan kai, ya sauke ka a tashar Gare du Palais, a gindin tsohon gari. Masauki a cikin ganuwa yana da tsada. Unguwannin Saint-Roch da Saint-Jean-Baptiste sun fi sauƙi, kuma da ƙafa za ka iso. Hayar mota ɓarnar kuɗi ce, lungunan matsattsu ne, wurin ajiye mota kuma sai an sha wuya.

Yanzu sai yawon kansa. Garin hawa biyu ne: na sama a kan dutse, na ƙasa a bakin kogi. Fara daga sama ka gangara, gwiwoyinka za su gode maka. Ka tsaya a Terrasse Dufferin, wani dogon dandamali na katako da ke kallon kogi. Katafaren ginin da ke bayanka, wanda ake gani a kowane hoton garin, shi ne Château Frontenac. Kallo ɗaya za ka ce fadar sarki ce, alhali otal ne da kamfanin jirgin ƙasa ya gina, aka buɗe shi a 1893. Daga nan ka haura zuwa Citadelle, sansanin da Turawan Ingila suka gina, ka fita filin da ake kira Plaines d'Abraham.

Kada ka wuce filin nan da sauri don ka ga ciyawa ce kawai da masu motsa jiki. A nan ne ranar 13 ga Satumba 1759 sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Wolfe suka yi karo da na Faransa ƙarƙashin Montcalm, bayan na Ingilar sun hauro dutsen cikin dare. Faɗan bai kai rabin awa ba. Wolfe ya mutu a filin, Montcalm ya cika washegari, garin ya faɗa hannun Ingila, a 1763 kuma Faransa ta sallama Kanada. Mutanen wurin sun rasa mulki amma suka riƙe harshensu gam, har taken lardin Kebek da za ka gani a lambar kowace mota yana cewa "Je me souviens", wato ina tunawa.

Bi gefen ganuwa, wadda tsawonta ya kai kilomita 4.6, ta ƙofofin Saint-Louis da Saint-Jean, sannan ka sauka ta matakalar Casse-Cou, wato karya-wuya. Sunan ya fi ta ban tsoro. Za ta kai ka lungun Petit-Champlain mai shagunan masu sana'ar hannu, da dandalin Place Royale inda Champlain ya fara kafa sansani, ga kuma cocin Notre-Dame-des-Victoires da aka soma ginawa a 1688. In gajiya ta kama ka, akwai keken hawa da ke jan mutane zuwa sama tun 1879. Da yamma ka shiga jirgin fito zuwa Lévis, garin da ke tsallaken kogi, ka dawo. Kuɗi kaɗan ne, kuma daga tsakiyar kogi ake ganin garin gaba ɗaya.

Rana ta biyu ka ba magangarar ruwa ta Montmorency, 'yar tafiya kaɗan daga gari. Tsayinta mita 83, ta ɗara shahararriyar magangarar Niagara da mita 30, ko da yake ba ta kai ta faɗi ba.

Game da harshe, ko wane shago ka shiga fara da "Bonjour", ko da daga nan Turanci za ka juya. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi ba za su sha wahala ba, sai dai kunne zai ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya saba da karin harshen. Kuma a can "dîner" abincin rana ne, na dare shi ne "souper".

Wajen abinci, buɗe ido. Naman alade yana cikin girke-girken gargajiya da dama, musamman "tourtière", wani gashin fulawa mai nama a ciki, don haka ka riƙa duba kalmomin "porc" da "jambon" da "lard". Poutine, wato soyayyen dankali da cuku da romo, tambayi da me aka yi romon kafin ka ci. Babban masallacin garin yana unguwar Sainte-Foy, kuma bas yana zuwa. Farashin da ka gani a rubuce ba shi ne za ka biya ba: ana ƙara haraji kusan kashi 15 cikin ɗari a wurin biya, a gidan abinci kuma ana sa ran ka bar wa mai hidima tukuicin wani kashi 15.