Yadda ake haɗa sabon ɗan sa-kai da jagora

Shugabannin ƙungiyoyin matasa a Zariya sun sha yi mini wannan tambaya. Ga matakan:

1. Ku zaɓi tsofaffin 'yan sa-kai masu haƙuri.
2. Ku zaunar da su, ku nuna musu aikin: sauraro kafin ba da shawara.
3. Ku haɗa sabo da jagoran unguwarsu, mace da mace. Ɗan Samaru, jagora a Tudun Wada? Kuɗin mota zai kashe maganar.
4. Su tsayar da ranar haɗuwa duk mako.

Hattara: jagora ba ubangida ba ne. Kada ya mai da yaro ɗan aike.

5. Bayan wata ɗaya, ku ji ta bakin sabon shi kaɗai.
6. In ba su jitu ba, ku sauya masa wani.