Yadda Ake Gina Jarumar Fim Mai Dogon Zango

Zango ɗaya a talabijin galibi kashi 13 ne, wato wata uku ana haskawa duk mako. Da wannan lissafin marubuci zai fara. Idan matsalar jarumarka irin wadda zama ɗaya da dattijan gida zai warware ce, kafin kashi na huɗu labari ya ƙare, sauran tara kuma sai jan rai da maimaita faɗa. Daga nan ne masu kallo suke fara cewa an maida su yara.

Don haka kafin ka zaɓa mata suna, rubuta abu uku: abin da take nema ido rufe, abin da take ɓoyewa, da halin da ke jawo mata asara amma ta kasa bari. Ga misali. Ladidi uwar adashi ce, mata ashirin na unguwa suna zubi a hannunta. Ta taɓa kuɗin ta biya wa mijinta bashin da ya kusa kai shi kotu, shi kuma bai san inda ta samo ba. Burinta ta cike gurbin kafin ranar kwasa. Halinta kuwa, ba ta iya cewa "babu", ko maƙwabciya ce ta aiko aron dubu biyu sai ta bayar. Ka ga kullum tana cike rami ne tana haƙa wani, kuma halinta ne ke haƙa shi, ba sai marubuci ya ƙago hatsarin mota ba.

Sirrin nan kada ya fashe lokaci guda. Jera waɗanda za su sani, daga wanda saninsa bai da haɗari sosai zuwa wanda saninsa zai rusa ta. A kashi na 3 'yarta ta ga littafin zubi. A na 6 kishiya ta gane, ta yi shiru don ta riƙe shi makami. A na 9 mai kwasa ta matso da bikin 'yarta, tana son kuɗinta kafin lokaci. Miji sai a na 12 ko 13. Duk wanda ya sani, dole mu'amalarsa da Ladidi ta canza, ko a gaisuwa ce. Idan wani ya ji sirrin kuma komai ya ci gaba yadda yake, wannan fitowar (wato sin ɗin) asarar kuɗin lokeshan ce, wato wurin ɗaukar fim, cire ta.

Sai baki. Nan ne rubutu da yawa ke faɗuwa, domin kowa a fim ɗin yana magana da bakin marubuci. Tsayar da garin da ta tashi. Basakkwaciya da aure ya kawo Kano za ta iya sajewa a kasuwa, amma ranar da ranta ya ɓaci "mi" da "tahi" za su dawo bakinta, kuma masu kallo suna jin daɗin wannan ƙwarai. Rubuta yadda take kiran kowa. Ba ta faɗin sunan miji, "Malam" take cewa ko "Maigida". Tana alkunyar ɗan fari. Uwar miji "Hajiya" ce ko "Inna", kishiya "Yaya" ko "Amarya". Amfanin tsayar da wannan shi ne ranar da za a karya shi. Macen da ta yi kashi goma sha biyu tana cewa "Malam", ranar da ta kira shi da sunansa na yanka a gaban mutane, ba a buƙatar kiɗan tashin hankali, kowa ya san aure ya girgiza. Gwaji mai sauƙi: rufe sunayen da ke gefen takarda, ka ba wani ya karanta. In ya kasa gane layin Ladidi daga na kishiyarta, koma ka sake.

Duk wannan a zuba shi a kundi na shafi biyu, a ba darakta, 'yar wasa, mai kayan sawa, mai kwalliya da mai kula da kontiniti, wato mai tabbatar da shiga da kwalliya ba su saɓa ba daga fitowa zuwa fitowa. A ciki a sa shekarunta, shekarar aurenta, 'ya'yanta da tazararsu, iya karatunta, abin da take samu a wata, da abin da ba za ta taɓa yi ba ko da wuƙa a wuya. Dalili shi ne ba a ɗaukar fim bi da bi. In an karɓi gida na kwana huɗu, duk fitowar da ke cikin gidan ake ɗauka, ta kashi na 2 da ta kashi na 11 a yini ɗaya. 'Yar wasan da ba a gaya mata inda Ladidi take a kowace fitowa ba za ta yi kuka iri ɗaya a duka biyun. A saman kowace fitowa a rubuta layi guda: me ta sani yanzu, wa take tsoro, nawa ya rage ta cike.

Kayan sawa su bi aljihunta. Matar da ke neman dubu biyar ido rufe ba za ta fito da sabon leshi kowace fitowa ba. Atamfa biyar ko shida da mayafi biyu sun isa zango, a riƙa maimaitawa, a ajiye guda ɗaya ta fita biki. Mai kontiniti ya ɗauki hoton kowace shiga da waya, ya rubuta lambar fitowa da ranar labari. Lalle yana da sa kuskure: yau ja ne jawur, bayan kwana goma ya koɗe, alhali a labari daga ɗaki ta fito tsakar gida. Haka kitso, haka yanayin gari, kada ta shiga gida cikin hazon hunturu ta fito ganye ya yi shar.

Kalandar labari ma a rubuta ta. Ciki wata tara ne, takaba wata huɗu da kwana goma, suna ranar bakwai, wankan jego kwana arba'in. Mata masu kallo suna ƙirga waɗannan da yatsa, kuma ba sa yafewa.

Tun ranar farko a tanadi ƙofar fita, domin 'yar wasa na iya yin aure, ko rashin lafiya, ko a saɓa kan kuɗi. A dasa wata 'yar'uwa a wani gari da ake yawan ambata, ko neman aiki, ko jinyar uwa, yadda tafiyarta ba za ta zo kamar daga sama ba. Kashe jaruma shi ne mafi sauƙi a takarda kuma mafi tsada, don ba a dawowa daga kabari sai da ƙaryar da ke zubar da mutuncin fim. Sauya fuska ma hanya ce. An yi haka a Labarina, inda Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya bayan fitar Nafisa Abdullahi. In za a bi wannan hanya, sabuwar ta zauna ta kalli tsofaffin fitowa da kundin a hannu, ta ɗauki kiran sunaye da yanayin magana, amma kada a sa ta kwaikwayi tafiya da dariyar ta farko, nan take ake ganewa.

Wanda ke aiki a Kano ya sa lokacin Hukumar Tace Fina-finai cikin jadawalinsa, a kai mata kafin a saki. Idan akwai fitowar da ake jin za a ce a cire, kada a ɗora muhimmin sirrin Ladidi a kanta ita kaɗai. A ɗauki wata ta biyu da ke isar da bayanin ta bakin wani, tun ana lokeshan, kafin a mayar wa masu gida makullinsu.